Bauca, Sikolashif, Asusu: Sunayen Kuɗin Zaɓin Makaranta a Amurka

Duk wanda ya yi aiki a ofishin gwamnati a Najeriya ya san bauca. Takarda ce da akawu ke cikewa, akanta ya sa hannu, kafin kuɗi su fita daga baitulmali: a biya wane kuɗi kaza saboda abu kaza. Ba wanda ke faɗa a kan sunanta. A Amurka kuwa wannan kalma ta shekara saba'in tana raba kan jama'a, har ta kai masu son abin da take nufi sun daina furta ta, masu ƙin abin su ne suka riƙe ta gam suna maimaita ta a kowane taro. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko ya halatta gwamnati ta ɗauki kuɗin jama'a ta ba iyaye su kai 'ya'yansu makarantar kuɗi. An yi wa wannan abu sunaye da yawa, kuma na lura cewa kowane suna yana da shafin da yake tura kuɗin a littafin akanta, wani sunan ma yakan hana kuɗin shiga littafin gaba ɗaya.

Sai an san yadda ake ɗaukar nauyin makarantar gwamnati a can kafin a gane zafin maganar. Gwamnatin tarayya ba ta ba da fiye da kusan kashi goma cikin ɗari. Sauran kusan rabi da rabi ne tsakanin jiha da gundumar makarantu, ita kuma gunduma yawancin nata daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Jiha tana biyan nata kason ne bisa ƙirgen kawunan ɗalibai. Saboda haka duk yaron da ya bar makarantar gwamnati akwai kuɗin da ke binsa, akwai kuma waɗanda ba sa binsa, rigimar duka a wannan tsakani take.

Masanin tattalin arziki Milton Friedman shi ya shigo da bauca cikin zancen ilimi a wata maƙala da ya wallafa a 1955. Hujjarsa ita ce biyan kuɗin karatu daban, gudanar da makaranta daban. Gwamnati ta biya, amma ta miƙa wa iyaye takardar da za su kai duk makarantar da aka amince da ita, makarantu su yi ta gasar neman ɗalibai. A bakinsa kalmar ba ta da wani dauɗa. Sai dai shekara guda kafin nan, a 1954, Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun farar fata da na baƙar fata, kuma jihohin Kudu sun riga sun fara neman hanyar kauce wa hukuncin. Jihar Virginia ta ɓullo da abin da ta kira tallafin kuɗin makaranta. A gundumar Prince Edward an rufe makarantun gwamnati ruf daga 1959 zuwa 1964, 'ya'yan farar fata suka koma makarantun kuɗi da aka kafa musu, da yawa daga 'ya'yan baƙar fata suka zauna shekaru ba karatu. Wasu gundumomin kuma suka fito da tsarin da suka raɗa wa suna “'yancin zaɓi”, wanda a aikace ya bar kowa inda yake, har sai da Kotun Ƙoli ta yi watsi da irinsa a 1968. Ke nan kalmomin nan biyu, tallafi da zaɓi, sun shigo da tabo tun farko, kuma har yau akwai dattawan da idan suka ji su, wancan zamanin suke tunawa.

Adalci ne a faɗi cewa tsarin da ya farfaɗo da maganar ya zo daga wani ɓangare dabam. A 1990 jihar Wisconsin ta kafa Shirin Zaɓin Iyaye na Milwaukee, kuma wadda ta tsaya tsayin daka a kansa 'yar majalisa ce baƙar fata daga jam'iyyar Democrat, Polly Williams, tare da Gwamna Tommy Thompson na Republican. Damuwarta 'ya'yan talakawan unguwarsu ce waɗanda makarantun birnin suka kasa. An taƙaita shirin ga masu ƙaramin ƙarfi, an hana makarantun addini shiga da farko, ɗalibai ɗari uku da 'yan kai ne suka fara. Lura da sunan: babu bauca a ciki, iyaye aka sa a gaba. Daga baya, da aka riƙa ɗaga iyakar samun kuɗin iyalan da za su amfana, ita kanta Williams ta ja baya daga tafiyar, tana ganin an kauce daga mutanen da aka fara dominsu.

Me ya sa aka guji kalmar? Akwatin zaɓe ne ya koya musu. Masu jefa ƙuri'a a California sun ƙi bauca a 1993, suka sake ƙi a 2000, Michigan ma ta ƙi a shekarar, Utah ta soke nata a 2007. Sai aka koma ga kalmar da kowane uba ke marmari, wato sikolashif. An kira na birnin Cleveland haka a tsakiyar shekarun 1990, Florida a zamanin Gwamna Jeb Bush ta kira nata sikolashif na samun dama a 1999, babban birnin tarayya ma ya ɗauki wannan suna a 2004. A kunnen mai sauraro, sikolashif kyauta ce da ake ba yaro mai ƙwazo ko marar gata, daga aljihun wani mai alheri. A takardar kasafi kuwa kuɗin haraji ne kamar kowane kuɗin haraji, kuma ba a tambayar ƙwazo.

Kotuna ma sun yi tasu rawar, kuma a ganina tasu ta fi ta masu zaɓe tasiri a kan sunayen. A 2002 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta halatta shirin Cleveland duk da cewa kashi 96 cikin ɗari na yaran da ke ciki makarantun addini suke zuwa. Dalilinta shi ne kuɗin ta hannun iyaye suke bi, su ne suka zaɓa da kansu. Amma tsarin mulkin jihohi da dama ya fi na tarayya tsauri. Fiye da talatin daga cikinsu na da sashen da ya hana ba makarantar addini kuɗin jama'a, sassan da ake jingina wa James Blaine, ɗan siyasar da ya nemi shigar da irin wannan doka cikin tsarin mulkin tarayya a 1875 bai yi nasara ba. Don haka masu son shirin suka shiga neman hanyar da za a ce kuɗin ba na jama'a ba ne.

Arizona ce ta samo ta a 1997. Mai biyan haraji zai ba wata ƙungiya mai zaman kanta gudummawa, a lokacin har dala 500, ƙungiyar ta raba wa yara kuɗin makarantar kuɗi, ita kuma jiha ta cire masa abin da ya bayar daga harajinsa, dala bisa dala. A duba abin a tsanake. Mutum yana da harajin dala 500 a kansa. Ya rubuta cak na dala 500 ga ƙungiyar. A ƙarshen shekara jiha ta ce ba ta binsa komai. Aljihunsa bai ragu da sisi ba fiye da yadda da ma zai ragu, baitulmali ne ya rasa dala 500, amma a takarda an rubuta gudummawa, shi kuma an rubuta shi mai bayarwa. Da aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a 2011, biyar da huɗu, cewa masu ƙarar ba su da hurumin shigar da ita, domin kuɗin da bai taɓa isa hannun mai karɓar haraji ba ba kuɗin gwamnati ba ne. Mai shari'a Anthony Kennedy ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye. Mai shari'a Elena Kagan ta saɓa masa, tana mai cewa ko a ba ka kuɗi a hannu ko a yafe maka bashi daidai da su, abu ɗaya ne ga baitulmali.

Ina tare da Kagan a nan, kuma masu lissafin gwamnati sun riga ta faɗa. Tun 1967 Stanley Surrey, wani babban jami'i a ma'aikatar kuɗin Amurka, ya ƙirƙiro wa irin wannan rangwame suna mai ma'anar kashe kuɗi ta hanyar haraji, don a riƙa ƙirga shi tare da sauran abin da gwamnati ke kashewa. Bambancin da ke akwai na gani da ido ne. Kuɗin da aka ware a kasafi kowace shekara sai an kawo su gaban majalisa an yi muhawara. Kuɗin da aka yafe ba sa zuwa gaban kowa, sai dai a ga kuɗin shiga sun yi ƙasa. Wani malamin jami'a, Kevin Welner, ya kira tsarin sabuwar bauca a littafinsa na 2008, masu goyon baya kuma suka ƙi sunan. Florida ta kafa nata a 2001 ta hanyar harajin kamfanoni, kuma lokacin da kotun ƙolin jihar ta rushe sikolashif ɗin Jeb Bush a 2006, na rangwamen haraji ya tsira ya ci gaba da girma.

Suna na uku, wato asusu, shi ma a Arizona aka haife shi, kuma kotu ce ungozomarsa. A 2009 kotun ƙolin jihar ta soke wasu shirye-shiryen bauca biyu, na yara masu buƙata ta musamman da na yaran riƙo, saboda kuɗin ba su da inda za su sai makarantar kuɗi. Shekara biyu bayan haka majalisa ta dawo da wani tsari: a buɗe wa yaro asusu, a zuba masa kashi 90 cikin ɗari na abin da jiha za ta kashe a kansa, iyaye su saya masa abin da suka ga dama cikin jerin da aka halatta, ko kuɗin makaranta, ko mai koyarwa a gida, ko littattafai, ko kulawar ƙwararru. Tun da ba dole ne kuɗin su je makarantar kuɗi ba, kotun ɗaukaka ƙara ta halatta shi a 2013. A faɗin ƙasar ana kiran irinsa asusun ajiya na ilimi, a taƙaice ESA. Kalmar ajiya tana sa mutum ya yi zaton iyaye ne suka tara da guminsu, alhali ko sisi ba su zuba ba. Arizona ta riƙe haruffan uku amma ta sauya abin da suke nufi, ta ce asusun sikolashif na ƙarfafa iyaye. Waɗanda suka biyo baya suka ƙara gishiri: West Virginia ta sa wa nata “fata”, New Hampshire da Arkansas da Tennessee da Texas suka sa “'yanci”, Iowa ta ce “ɗalibai ne farko”. Wa zai miƙe a majalisa ya ce yana adawa da fata ko da 'yanci?

Ba zan ce an sauya wa tuwo suna kawai ba, domin asusu ya fi bauca faɗi da gaske. Uwar da ke da ɗa mai lalurar galahanga, wadda makarantar unguwa ta kasa kula da shi, tana iya biyan mai koya masa magana daga asusun, abin da bauca ba za ta yi mata ba. Wannan amfani ne na haƙiƙa, kuma don irin waɗannan yara aka fara shirin a 2011. Matsalar kasafi ta taso ne daga wata kalma dabam da aka liƙa masa daga baya, wato “na kowa da kowa”.

A 2018 masu zaɓen Arizona sun ƙi faɗaɗa shirin da kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A 2022 majalisa ta faɗaɗa shi fiye da wancan, Gwamna Doug Ducey ya sa hannu: kowane yaro a jihar ya cancanta, ko mahaifinsa attajiri ne, ko bai taɓa taka makarantar gwamnati ba. A nan ne wata kalma ta masu lissafi take shigowa, wadda ba a jin ta a tallace-tallace amma ita ce ke riƙe da dukkan hisabin. Ma'anarta mai sauya sheƙa, wato yaron da ya bar makarantar gwamnati saboda an ba shi kuɗin. A ɗauka jiha na kashe ɗari a kan yaro. Ya sauya sheƙa, ta ba shi casa'in, ta tsira da goma. Wani yaron kuma da ma yana makarantar kuɗi, iyayensa na biya, jiha ba ta kashe masa komai. Shi ma ta ba shi casa'in, kuma duk casa'in ɗin sabon nauyi ne. Sai an sami masu sauya sheƙa tara kafin a biya kuɗin mutum ɗaya irin na biyun. A farkon buɗe ƙofa, alƙaluman ma'aikatar ilimin jihar sun nuna kusan uku cikin huɗu na masu nema ba daga makarantar gwamnati suka fito ba. Kason masu sauya sheƙa ya ƙaru a shekarun baya, amma waɗanda suka shiga da farko suna nan ana biyansu kowace shekara.

Masu ƙiyasin majalisa sun yi hasashen faɗaɗawar za ta ci kusan dala miliyan 65 a shekarar kuɗi ta 2024. Yara suka tashi daga wajen dubu 12 zuwa fiye da dubu 70, yawancinsu na karɓar kimanin dala 7,000, kuɗin shirin gaba ɗaya suka haura dala miliyan 700 a shekara. A 2024 jihar ta fuskanci giɓin kusan dala biliyan 1.4. Ba daidai ba ne a ɗora wa asusun laifin giɓin duka, domin an kuma rage harajin kuɗin shiga zuwa kashi 2.5 ga kowa, wanda ya janye kuɗi masu yawa. Amma wanda ya ce shirin ba shi da hannu a ciki bai duba littafin ba.

Masu goyon baya suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa a haɗa duk abin da ake kashe wa ɗan makarantar gwamnati, na jiha da na gunduma da na tarayya, za a ga ya fi dala 7,000 nesa ba kusa ba, don haka duk mai sauya sheƙa sauƙi ne ga mai biyan haraji. Suna ƙarawa da cewa iyayen da ke biyan makarantar kuɗi su ma suna biyan haraji, don me za a ce 'ya'yansu ba su da rabo? Tambaya ta biyu ta adalci ce, ana iya amsa ta da e ko a'a, amma wanda ya amsa da e ya kamata ya yarda cewa sabon kashe kuɗi yake nema, ya daina kiransa tsimi. Ta farkon kuwa tana ɓoye wa ake nufi da mai biyan haraji. Baitulmalin jiha daban, asusun gunduma daban. Kashi 90 ɗin Arizona ma an gina shi a kan abin da jiha ke biyan makarantun da ake kira cata, waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu amma masu zaman kansu ke gudanarwa bisa yarjejeniya, kuma su ba su da harajin gidaje, jiha ce ke cike musu. Don haka yaron da ya fito daga gunduma mai arziki, wadda harajin gidajenta ke ɗauke yawancin nauyi, yana iya cin kuɗin jiha a asusu fiye da yadda yake ci a aji.

Sai taken da ya fi kowanne daɗin ji: kuɗi su bi yaro. Wasu kan kwatanta shi da jakar goyo, kuɗin na ciki, duk inda yaro ya nufa suna bayansa. A leƙa makarantar firamare mai ɗalibai 500 wadda 25 suka bari. Ba daga aji ɗaya suka fita ba: biyu daga aji ɗaya, uku daga aji huɗu, ɗaya daga can. Ajin da ke da 24 ya koma 22, malamar na nan, albashinta na nan. Motar makaranta na bin hanyar da ta saba da kujeru biyu a wofi. Wutar lantarki, gyaran rufi, bashin ginin da aka ci tun shekaru, fanshon tsofaffin malamai, babu wanda ya ragu. Kuɗin yara 25 sun tafi a rana ɗaya, ɗawainiyarsu kuwa sai a hankali za ta bi su, bayan shekaru, idan an haɗe azuzuwa ko an rufe wata makaranta. Masu adawa suna kiran wannan kuɗin da aka bari a tasha. Masu goyon baya suna nuna cewa harajin gidaje na gunduma ba ya bin yaron, don haka kason kowane ɗalibin da ya rage yana ƙaruwa, kuma idan jiha ta ci gaba da biyan gunduma kuɗin waɗanda suka tafi na ɗan lokaci don kada ta durƙushe, sukan ce ana biyan ɗaliban bogi. Kowane ɓangare na da gaskiya a wani zango na lokaci: na farko a shekara ɗaya zuwa uku, na biyu idan an daɗe. Yaron da ke aji uku a bana kuwa a gajeren zangon yake rayuwa, kuma galibi shi ne wanda iyayensa ba su da cikon kuɗin makarantar kuɗi ko motar kai shi, ko kuma yana ƙauyen da babu wata makaranta sai ta gwamnati.

Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan majalisar karkara na Republican a Texas suka daɗe suna haɗa kai da 'yan Democrat suna toshe shirin, har sai da Gwamna Greg Abbott ya mara wa abokan hamayyarsu baya a zaɓen fid da gwani na 2024. A Mayun 2025 ya sa hannu kan dokar da ta ware dala biliyan 1, kusan dala 10,000 ga kowane yaro mai zuwa makarantar kuɗi. A duk muhawarar, masu adawa bauca suke cewa, gwamna da mutanensa asusu suke cewa, 'yan jarida na fama da wanda za su sa a kanun labari. Inda aka tambayi jama'a kai tsaye kuwa amsar ba ta sauya ba: a Nuwamban 2024 masu zaɓe a Kentucky da Nebraska da Colorado duk sun ƙi, kuma biyun farko jihohi ne da Republican ke lashewa cikin sauƙi.

Katangar Blaine, wadda ta tilasta yawancin waɗannan sunaye, ta riga ta faɗi. Kotun Ƙoli ta yanke a 2020 kan wata shari'a daga Montana, ta sake a 2022 kan wata daga Maine, cewa jihar da ta buɗe irin wannan shiri ba ta da ikon ware makarantun addini. Duk da haka ba wanda ya koma ga tsohuwar kalmar. Da gwamnatin tarayya ta shigo fagen a dokar haraji ta Yulin 2025, hanyar Arizona ta 1997 ta bi: daga 2027 mutum zai iya ba ƙungiyar raba sikolashif har dala 1,700, a cire masa su cif daga harajinsa na tarayya, kuma iyalan da samunsu bai wuce ninki uku na matsakaicin samun yankinsu ba sun cancanta, wanda ya haɗa da mafi yawan gidajen ƙasar. Dokar ba ta sa wa jimillar abin da za a yafe iyaka ba, kuma ba za a ga kuɗin a kasafin ma'aikatar ilimi ba. Kowace jiha aka bar wa zaɓin shiga ko ƙin shiga.